Mamman Shata, mawaƙin da ya yi wa kumbon Apollo kiɗan kalangu

A cikin dubban waƙoƙin da Alhaji Mamman Shata ya bar wa Hausawa, mafi yawansu suna da ubangida mai rai: sarki ko hakimi, attajiri ko direba, soja ko wata baiwar Allah da ta yi masa alheri. Akwai guda ɗaya da ta fita daban. Gwarzon cikinta na'ura ce da Amurkawa suka harba sama a watan Yulin 1969, wadda ba ta jin kalangu, ba ta kuma da aljihun da za ta yi liƙi. Waƙar Kumbo Apollo 11 ta zauna a kunnen jama'a har ta kai mutane da yawa, in an ambaci kumbo, Shata ne ke fara faɗo musu a rai. Yau, shekara hamsin da ɗoriya bayan wannan tafiya, a majalisun Fagge da rumfunan kasuwar Sabon Gari da shafukan Facebook, matasa na musu a kan ko hotunan saukar ɗan Adam a duniyar wata na gaske ne ko kuwa shirin fim ne. Tarihin mawaƙin yana da abin da zai ƙara wa wannan musu, domin rayuwarsa ta ratsa unguwannin da Kanawa suka fara koyon zargin hoto.

An haifi Muhammadu a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafillace ne, haka ma mahaifiyarsa Lariya, kuma babu roƙo a gidansu. Wannan babban al'amari ne a ƙasar Hausa ta wancan zamani, inda sana'a gado ce, maroƙi kuwa, komai yawan dukiyarsa, ba a ajiye shi a sahun masu daraja. Uban ya ƙi waƙar ɗansa ƙi mai tsanani. Yaron ya yi karatun allo kamar tsaransa, bai taka makarantar boko ba, ya yi tallan goro da na alewa a kasuwannin ƙauye, sai dai muryarsa ta fi hajarsa tara mutane. A dandali ya fara, wurin wasan samari da 'yan mata da dare, kuma tun a wannan lokaci laƙabin Shata ya danne sunansa na yanka.

Da ƙauye ya yi masa kaɗan sai ya koma Bakori, ƙarƙashin inuwar Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa na En'e. A can ya yi auren fari, a can kuma ya gane cewa akwai sabon kuɗi a ƙasa, kuɗin auduga da gyaɗa da motocin da ke ɗaukarsu, kuma masu wannan kuɗi suna son a yabe su kamar yadda ake yabon sarakuna.

A nan ne zaɓin gangarsa ya yi masa rana. Manyan mawaƙan fada, irin su Narambaɗa da Ɗankwairo, da kotso suke waƙa, kuma kowannensu yana da fadar da ya jingina da ita. Kalangu kuwa gangar mahauta ce da 'yan mata, gangar kasuwa da dandali, wadda ba ta da ƙofar da aka ɗaure ta a kai. Shata ya ɗauke ta ya shiga da ita ko'ina. Ba ya zama ya shirya waƙa a gida. 'Yan amshi su riƙe layi ɗaya suna maimaitawa, makaɗa su riƙe zaren kiɗa, shi kuma ya riƙa ɗora magana a kai nan take, gwargwadon wanda ke gabansa da abin da idonsa ya gani. Wannan salo ne ya mayar da shi wani abu mai kama da jarida. Duk abin da ya faru a gari, ko aka ji labarinsa daga nesa, yana iya zama waƙa kafin gari ya waye, kuma wanda bai iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ba yana iya jin sa a bakin Shata.

Tauraronsa ya haska a Kano a 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a bikin da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan gidan sarauta wajen goma sha biyu suka yi aure lokaci guda. Daga nan fada ta san da shi. Amma Kano ta Shata ba ta tsaya a cikin ganuwa ba. A bayan badala akwai Fagge, tsohon zangon ayari, inda fatake da Buzaye ke sauke kaya tun kafin zuwan Turawa, wanda daga baya ya zama mazaunin baƙi Musulmi, direbobi da teloli da dillalai da duk wanda bai da gidan gado a birni. Gaba kaɗan akwai Sabon Gari, wanda Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa mutanen Kudu bayan isowar jirgin ƙasa, inda dokar fada ba ta da ƙarfi, ana sayar da giya a fili, otal-otal suna kwana da kiɗa. A Sabon Garin ne aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, Fagge kuma ta zama ɗaya daga cikin gidajenta. Waɗannan unguwanni biyu su ne kasuwar mawaƙin kalangu. Shata ya ci wannan kasuwa, ya yi waƙar shan giya ba tare da sakaya zance ba, malamai suka yi tir, jama'a kuwa suka haddace.

A waɗannan unguwannin ne kuma Bakano ya fara zama cikin duhu yana kallon hoto mai motsi. An buɗe silimar Rex a Sabon Gari a 1937. Kafin ita da bayanta akwai majigin gwamnati da ake zagayawa da shi gari-gari ana nuna wa talakawa yadda ake noma da tsabta da girman Sarkin Ingila. Sunan da mutane suka ba wannan abu, dodon bango, ya isa ya nuna matsayinsa a zukata. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta kashe mutum 331, kuma mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin hukuncin Allah a kan masu kallo. Waɗanda suka ci gaba da zuwa silima sun koyi wani darasi na daban. Sun ga an harbe ɗan wasa ya mutu a wannan mako, sun gan shi da rai a fim ɗin mako mai zuwa. Sun ga jarumin Indiya ya tashi sama ya doke mutum ashirin. Mutumin da ya tashi a Fagge a shekarun 1950 ya san cewa Bature da Ba'indiye suna iya sa bango ya nuna abin da bai faru ba, ya kuma san cewa majigin hukuma yana da manufa. Zargin hoto a Kano yana da tushe, kuma ya girmi kumbon Apollo.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne Kano tana cikin labarin tafiya sararin samaniya tun farkonsa. A 1961 hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da ta baza a duniya domin shirinta na Mercury. Wata tana Zanzibar, wadda aka rufe bayan juyin juya halin 1964. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya yi magana da ma'aikatan tashar Kano yana wucewa ta samanta. Ya shaida musu cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka tabbatar masa cewa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Duk Bakano ya san wace ƙura ce ake gani a watan Fabrairu. Tashar ta yi aiki har cikin shirin Gemini, kafin zamanin Apollo.

Ita kuwa shekarar 1969 ta tarar da Najeriya cikin yaƙin basasa. Kashe-kashen 1966 sun kwashe Inyamurai daga Sabon Gari, shaguna da gidaje suka zama kufai ko suka koma hannun wasu. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Bako yana mulkinta, samari suna tafiya bakin daga, rediyo kuma kullum labarin gari kaza ya faɗi, gari kaza ana fafatawa. Cikin wannan hali aka ji cewa ranar 16 ga Yuli wani kumbo ya tashi daga Florida da mutum uku, Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins. Biyun farko sun sauka a kan wata ranar 20 ga Yuli da ƙarfe 9:17 na dare agogon Najeriya, a lokacin jinjirin watan Jimada Ula bai fi kwana biyar zuwa shida ba. Armstrong ya taka ƙasar wata gab da ƙarfe huɗu na asuba, kafin kiran assalatu. Tashar Lanlate, wadda ta haɗa Najeriya da tauraron ɗan Adam, ba ta fara aiki ba sai a 1971. Saboda haka labarin ya iso Kano ta rediyo, hotuna suka biyo baya a jarida da majigi, wato ta hanyar da mutane suka riga suka saba zargi.

Akwai waɗanda suka ƙi yarda tun a ranar, a Kano kamar a sauran ƙasashen Musulmi, kuma dalilinsu bai shafi ingancin hoto ba. Wata a wurin Bahaushe agogon ibada ne. Da ganinsa ake ɗaukar azumi, da ganinsa ake ajiyewa, kuma da yawa sun fahimci cewa yana cikin sammai masu tsaro waɗanda ɗan Adam ba ya ratsawa da dabararsa. A ce wani ya sa takalmi ya taka shi, a kunnensu wannan ya yi kama da rashin ladabi ga Mahalicci. Wasu malaman kuma ba su ga wani nassi da ya hana ba, suka ce abin da Allah ya hore wa bayinsa na ilimi ba ya rage komai daga mulkinsa.

Shata bai jira malamai su gama ba. Mutum ne da ya daɗe yana yabon direbobi, yana kambama masu gudu da masu dogon zango, yana lissafa garuruwan da mota ta ratsa. Wanda ya saba yi wa babbar mota kirari ba zai ji labarin abin hawan da ya yi tafiyar kusan kilomita 384,000 ya kuma dawo da mutanensa lafiya ranar 24 ga Yuli ya yi shiru ba. Ya sa kalangu, ya ba kumbon waƙa kamar yadda yake ba kowane gwarzo. Ta haka labarin ya shiga tashoshin mota da gidajen biki da akwatunan rediyo da harshen da mutane suka amince da shi, cikin muryar da suka sani.

Waƙar maroƙi ba hujja ba ce, kuma babu wanda ya fi Bahaushe sanin haka. Sana'ar yabo tana mayar da rowa kyauta, ta mayar da matsoraci jarumi. Abin da waƙar ta tabbatar shi ne yadda wani Bahaushe mai kaifin basira, wanda bai yi boko ba kuma ba ya shakkar kowa, ya karɓi labarin a lokacin da yake sabo: abin mamaki ne da ɗan Adam ya yi, kuma Bahaushe yana da haƙƙin ya yi magana a kansa da bakinsa. Hujjar saukar kuwa a wani wuri take.

Shakkun da ke yawo a wayoyi yau ba a Fagge aka haife su ba. Daga Amurka suka zo. Wani Bill Kaysing, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Rocketdyne mai ƙera injinan roka ya kuma bar shi tun 1963, shi ya buga littafi da kuɗinsa a 1976 yana cewa ba a je ko'ina ba. Lokacin ya dace da shi, domin yaƙin Biyetnam da badaƙalar Watergate sun riga sun koya wa Amurkawa cewa gwamnatinsu tana ƙarya. A 2001, shekara biyu bayan rasuwar Shata, tashar talabijin ta Fox ta nuna wani shiri da ya tattara waɗannan zarge-zarge, intanet kuma ta raba su ga duniya. Yawancin abin da matashi ke turawa abokinsa a yau fassarar wannan shiri ne, ko bai sani ba.

Tambayoyin ba su da yawa, kuma kullum su ne. Me ya sa tuta take kaɗawa alhali babu iska a wata? An saka mata sanda ne a gefen sama domin ta miƙe, ƙyallen ya fito da lanƙwasar naɗi, kuma inda babu iska abin da aka girgiza yakan daɗe yana lilo saboda babu abin da zai tsayar da shi. A hoton bidiyo, da zarar an sake ta ta lafa, ba ta sake motsi. Me ya sa babu taurari a sama? Da rana aka ɗauki hotunan, ƙasa tana ƙyalli, tufafin 'yan sama jannatin farare fat, don haka aka saita kyamarorin Hasselblad su buɗe ido na ɗan ƙanƙanin lokaci. Duk wanda ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoto da dare a ƙarƙashin fitilun filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata zai ga sama baƙa ƙirin, babu tauraro ko ɗaya. Me ya sa inuwoyi ba su tafi a jere ba, kamar akwai fitilu da yawa? Ƙasar tana da tudu da kwari, kuma da fitilu biyu ne da kowane dutse ya yi inuwa biyu.

Masu shakka suna da abu guda na gaske a hannunsu. A 2009 NASA ta amsa cewa ainihin faifan da aka naɗi hoton talabijin na Apollo 11 a kansu an goge su an sake amfani da su, sai kwafin da tashoshi suka watsa ya rage. Sakaci ne mai ban takaici, irin wanda ɗan Najeriya zai gane da sauri, domin gidajen rediyonmu ma ba su adana duk abin da suka naɗa na su Shata ba. Amma tafiyar ba a kan faifai ɗaya ta rataya ba. Sau shida aka sauka tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 suka taka wata, suka dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa waɗanda masana a ƙasashe da dama suka bincika. Madubin da Armstrong da Aldrin suka ajiye yana nan, har yau ana harba masa haske daga doron ƙasa ana auna nisan wata. Kumbon NASA mai kewaya wata ya ɗauki hoton wuraren saukar a 2009, kuma ga wanda ba ya son shaidar Amurka, kumbon Indiya Chandrayaan-2 ya ɗauki hoton inda Apollo 11 ya sauka a 2021. Sai babbar shaida, wato Tarayyar Sobiyet. Ita ce abokiyar gasar, tana da na'urorin bibiya, kumbonta marar matuƙi Luna 15 yana kewaya wata a daidai kwanakin har ya faɗi a kansa ranar 21 ga Yuli. Da ta ga ƙarya, babu abin da zai fi mata daɗi kamar ta tona. Ba ta taɓa musantawa ba.

Wani abin lura a ƙasar Hausa shi ne yadda labari biyu masu karo da juna suke zaune lafiya a baki ɗaya. Mutumin da zai rantse ba a je wata ba, shi ne kuma wani lokaci zai ba da labarin cewa Armstrong ya ji kiran salla a can ya musulunta. Wannan jita-jita ta bazu a ƙasashen Musulmi a farkon shekarun 1980, har Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwar musantawa a 1983, shi ma Armstrong ya musanta. Labaran biyu daga rijiya ɗaya aka ɗebo su: ƙin a bar wa Amurka wannan nasara ita kaɗai. Ƙin yana da dalilansa na siyasa, kuma ƙasar da ta kai yaƙi Iraƙi a 2003 da hujjar makaman da ba a samu ba ita ta saya wa kanta rashin yarda. Sai dai ƙaryar makaman Iraƙi ta tonu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ita kuwa tafiyar da mutum kusan 400,000 suka yi wa aiki ta haura shekara hamsin babu wanda ya fito da takardar da ta rushe ta.

Shi Shata bai tsaya a kan kumbo ba. Funtuwa ya mayar gida, ya yi kusan shekara arba'in a cikinta, yana fita yawon waƙa cikin Najeriya da ƙasashen Afirka ta Yamma, har Ingila da Amurka, ban da zuwa Makka. Faifan garmaho da Rediyon Kaduna, daga baya kuma kaset, suka kai muryarsa zangon Hausawa na Kumasi da na Sudan. Shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Yana da kaifin harshe, wanda ya saɓa masa yakan sha zambo, kuma manya da yawa sun yi masa kyauta ne don tsoron bakinsa kamar yadda wasu suka yi don ƙauna.

Siyasarsa ta fi waƙarsa wuyar fassara. Zuciyarsa tana wajen talakawa, abincinsa yana hannun sarakuna da attajirai, kuma bai taɓa warware wannan ƙulli ba. Ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya a shekarun 1970. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, sannan ya koma NPN mai mulki. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban SDP na Funtuwa, inda ya yi karo da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, uban jam'iyyar a Jihar Katsina, aka tsige shi. Mutumin da ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarki bai iya zaman biyayya a ofishin jam'iyya ba.

Masu ilimin boko, waɗanda iyayensu ke kiran irinsa maroƙi, su suka dawo suna nazarinsa. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, shekara shida bayan Apollo 11. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ɗan tallan alewar Musawa ya zama Dakta Mamman Shata, kuma jama'a suka riƙe wannan suna da gaske fiye da yadda suke riƙe na waɗansu da suka zauna aji.

Ciwo ya kama shi a ƙarshen shekarun 1990. An yi jinyarsa a Kano, an kai shi Jidda, aka dawo da shi. Ya rasu a asibiti a Kano ranar 18 ga Yunin 1999, mako uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, saura wata ɗaya a cika shekara talatin da saukar Apollo 11. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, a can aka yi masa sutura.